Mata-maza a garke da lambu da ɗaki: yadda ake ganewa da abin da ake yi

Karsanar da aka yi shekara uku ana zuba mata dusa da harawa ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, akuyar da ke warin bunsuru, kazar da ta wayi gari tana cara, gwandar da ta cika da fure amma ba ɗa ko ɗaya. Mai dabba ko mai lambu yakan ɗauki kowanne a matsayin tsautsayi na daban, wani ya ce baki ne, wani ya ce maita. Alhali galibinsu tushensu guda. Halittar namiji da mace ba a rana ɗaya take kammaluwa ba. Ƙwayoyin gado ne ke fara ba da umarni, daga nan a samu maraina ko gidan ƙwai, su kuma su fitar da sinadaran da ke siffanta gaba da murya da gashi da ɗabi'a. In wani mataki ya saɓa wa na gabansa, sai a samu abin da Bahaushe ke kira mata-maza. Yawancinsu ana iya gane su da ido da hannu tun da wuri, kafin a yi asarar abinci da shekaru.

Maraƙar da aka haifa tagwaye da namiji

Shanunmu na gida, farare da bokolo da rahaji, ba kasafai suke haifar biyu ba. An fi ganin tagwaye a shanun madara na Turai da 'ya'yan da aka samu ta haɗa su da namu. Duk ranar da saniya ta haifi biyu, abin dubawa na farko shi ne jinsinsu. Mata biyu, ba komai. Maza biyu, ba komai. Amma in namiji ne da mace, to a cikin irin waɗannan mata goma, tara ba za su taɓa haihuwa ba.

Dalilin yana cikin mahaifa. A saniya, tun ciki yana wajen kwana 30 zuwa 40 jijiyoyin jinin mabiyiyar 'yan biyun sukan haɗe, jini ya riƙa zagawa tsakaninsu. Marainan namijin suna riga gidan ƙwan macen fara aiki, kuma suna fitar da wani sinadari da aikinsa shi ne hana mahaifa tsirowa a jikin namiji. Sinadarin sai ya bi jini ya shiga jikin 'yar'uwarsa ya yi mata wannan aikin. Ta waje mace ce, ta ciki kuwa mahaifa ba ta cika ba, gidan ƙwai ya tsumbure, hanyar haihuwa gajera kuma a toshe. Wani likitan fiɗa a Landan, John Hunter, ya bayyana siffar irin wannan dabba a 1779, sannan a 1916 Frank Lillie ya gano haɗewar jijiyoyin ta hanyar duba mahaifun shanu daga mayankar Cikago. Turawa na kiranta firimatin.

Ana fara dubawa da ido. A ɗaga wutsiya a duba gaba: yakan zama ƙarami, da wani tsiron dogon gashi mai kauri a ƙasansa, ɗan-tsaka kuma ya fi na sa'o'inta girma har wani lokaci yana leƙowa. Kawunan nono ƙanana ne ƙwarai. Sai dai akwai wadda ba za a ga komai a jikinta ba, shi ya sa awo ya fi ido.

Ana yin awon maraƙa tana tsakanin mako ɗaya da wata ɗaya. Kayan aiki: 'yar kwalbar gwajin jini mai zagayayyen gindi, kaurinta wajen santimita ɗaya, irin ta ɗakin gwaji a asibiti, man santsi na asibiti, sabulu da ruwa mai tsabta, safar hannu, da rula. Mutum ɗaya ya riƙe maraƙar a tsaye, ɗaya ya wanke gaban da sabulu ya tsane. A shafe kwalbar da man, a sa zagayayyen gefen, a fara nufar sama wajen ƙashin baya kafin a miƙe da ita gaba. Wannan karkatawar tana da muhimmanci, domin ƙofar fitsari tana ƙasa, kuma in kwalbar ta tokare a nan sai a zaci hanyar ce ta ƙare. A tura a hankali har ta tsaya da kanta, ban da dannawa. A sa yatsa a daidai inda ta tsaya, a zaro, a auna.

Lafiyayyar maraƙa takan ba da santimita 13 zuwa 15, wato kusan tsawon biro. Wadda jinin ɗan'uwanta ya taɓa takan tsaya a 5 zuwa 7, tsawon yatsa manuni ko ƙasa da haka. In awon ya faɗo tsakani, kada a yanke hukunci. A jira ta kai shekara, malamin dabbobi ya sa hannu ta dubura ya laluba: in bai ji bakin mahaifa ba, magana ta ƙare. A babbar saniya hanyar takan kai santimita 30, a jikin juya irin wannan kuwa 8 zuwa 10 ne kawai. Kada a yi awon da kara ko tsinke ko wani abu mai kaifin baki, fatar wurin siririya ce, hujewa ba ta da wuya.

Wurare biyu ake yawan faɗawa. Na farko, kasuwa. Karsana juya takan yi kyan jiki fiye da sa'o'inta, tunda ba ta ciki ba ta shayarwa, sai ta ɗauki idon mai saye a kara, ko ta Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis. Duk mai sayen karsana don haihuwa ya tambaya ko tagwaye ce, in kuma ta kai shekara biyu da rabi hantsarta kamar ta maraƙa, ya ɗaga wutsiya ya duba kafin ya biya. Na biyu, wani lokaci namijin yakan mutu tun a ciki ya narke, a haifi macen ita kaɗai alhali aikin ya riga ya gama. Don haka karsanar da ta girma ba ta taɓa neman bajimi ba, a duba ta ko da ba a san ta da ɗan'uwa ba.

Magani babu. Allura ko jiƙo ba sa tsirar da mahaifar da ba a halitta ba, kuɗin da za a kashe a nan gara a sayi ƙaiƙayi da kanwa. A ɗaure ta a turke a yi kiwon nama, tana ƙiba da kyau, naman kuma lafiyayye ne. Wasu na horar da ita ga garma ko amalanke, tana da sanyin hali kamar dandaƙaƙƙen sa. Shi namijin galibi lafiyarsa ƙalau. A tumaki da awaki, da tagwaye suka zama ruwan dare, jijiyoyin ba kasafai suke haɗewa haka ba, saboda haka mai akuyar da ta haifi namiji da mace ta kwantar da hankalinta.

Akuya marar ƙaho

Matsalar awaki ta wata ƙofa take shigowa, ƙofar ƙaho. Rashin ƙaho gado ne, kuma kowace dabba tana karɓar gadon kashi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Kashi ɗaya na rashin ƙaho ya isa ya hana ƙaho fitowa, ba ya kuma cutar da komai. Amma in 'yar akuya mace ta gaji biyu, sai ƙwayar gadon da ke tsare gidan ƙwai ta yi shiru, maraina su tsiro a madadinsa. Masu bincike a Faransa ne suka gano ainihin gurbin wannan gado a 2001. An fi sanin abin a awakin madara na Turai irin su Sanen da Alfain, waɗanda wasu ke kawowa don inganta garke. Jajayen awakinmu na Sakkwato da Maraɗi da na Kano, maza da mata, masu ƙaho ne, shi ya sa abin ya yi ƙaranci a gidajenmu. Sai dai duk inda aka ga marar ƙaho, a kiyaye ƙa'idar.

Ga lissafin. Bunsuru marar ƙaho ya hau akuya marar ƙaho, kowanne na ɗauke da kashi ɗaya: ɗaya cikin huɗu na 'ya'ya mata zai fito mata-maza, wato kusan ɗaya cikin takwas na duk 'ya'yan. In bunsurun kashi biyu yake ɗauke da shi, rabin matan ne. Su ma mazan da suka gaji biyu da yawansu hanyar maniyyinsu takan toshe, su yi ta barbara a banza. Rigakafin kuwa kyauta ne: a tabbata ɗaya daga iyayen yana da ƙaho. Mai akuya marar ƙaho ta kai ta wajen bunsuru mai ƙaho, shi ke nan, babu ɗan da zai gaji kashi biyu. Wannan a awaki kaɗai yake. Tunkiya 'yar ƙasa da ba ta da ƙaho, ko saniya marar ƙaho, babu ruwansu da wannan lissafi.

Tun ranar haihuwa ana iya sanin wanda zai yi ƙaho. A shafa kan ɗan akuyar: mai ƙaho yana da murɗaɗɗen gashi guda biyu, ɗaya a kowane gurbin ƙaho, fatar wurin kuma a manne take da ƙashi. Marar ƙaho fatarsa tana zamewa in an motsa ta da yatsa. In baƙuwar akuya ce babba, a tambaya ko haka aka haife ta ko ƙone mata ƙahon aka yi tana ƙarama, domin wadda aka ƙone wa mai ƙaho ce a gado.

Siffar mata-mazan akuya ba iri ɗaya ba ce. Wata kamar mace sak, sai dai ɗan-tsaka ya kumbura kamar ƙwayar gyaɗa. Wata tana da gajeren azzakari a ƙasan dubura, ƙofar fitsarin ba a kansa take ba. Wata kuma kamar bunsuru, amma marainan ƙanana ne ko sun maƙale a matsematsi, ana jin su a ƙarƙashin fata kusa da hantsa. Da ta kai wata huɗu zuwa shida sai gaskiya ta fito: wuya ya yi kauri, gashin gadon baya ya miƙe, wari ya taso, ta fara bin 'yan'uwanta tana hawa.

Abu ɗaya ne ke buƙatar gaggawa, fitsari. A tsaya a ga yadda take yi. In yana ɗiga, ko yana taruwa a wata 'yar jaka a ƙarƙashin fata, ko tana nishi tana ɗaga wutsiya ba abin da ke fita, a kai ta wajen malamin dabbobi a ranar, toshewar fitsari tana kashewa cikin 'yan kwanaki. In fitsari lafiya, zaɓi biyu ne. A cire marainan in hannu na kai musu, a yi kiwonta kamar taure, warin zai ragu. Ko a bar ta a garke ta zama mai nuni: tana gane akuyar da ke neman bunsuru tun kafin mai ita ta lura, kuma ba za ta yi mata ciki ba. Ga mai akuya biyar da ba ta da bunsuru sai na aro, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Kada kuma a rikita ta da bunsurun da marainansa ɗaya ko duka biyu ba su sauko ba. Shi namiji ne, amma kada a bar shi ya yi iri, ana gadon abin.

Hawan jinsi ɗaya

Saniya ta hau saniya ba alamar mata-maza ba ce, agogo ne. Wadda ta tsaya cak aka hau ta ba ta goce ba, ita ce ke neman bajimi. Tsayuwar ba ta wuce yini guda, a shanunmu masu tozo ma takan gaza haka kuma ta fi faɗowa da dare, sai bayan kwana 21 ta dawo. Mai yin barbarar allura, in ya ga tsayuwar da safe a yi da yamma, in da yamma ya gani a yi washegari da sassafe.

Rago kuwa nasa daban. Binciken garkunan tumaki a Amurka, a jihohin Aidaho da Oregon, ya nuna kusan takwas cikin ɗari na raguna 'yan'uwansu raguna suke bi, ko da an ajiye musu tunkiya mai nema a gabansu. Jikinsu cikakke ne, maniyyinsu lafiya, ba ciwo ba ne balle a yi magani. Asarar tana kan wanda ya sayi katon balami ko uda don iri ya sake shi cikin tumaki talatin ya tafi harkarsa. Gwajin ba wuya: a kwaɓa shuni ko jar ƙasa da man gyaɗa, a riƙa shafa masa a ƙirji kowace safiya. Duk tunkiyar da ya hau za a ga launin a ƙugunta. Tunkiya na dawowa nema duk kwana 17, don haka in kwana 17 sun cika ba a ga shaida ko ɗaya ba, a sauya rago. Ragon da ya tashi cikin maza zalla a turken kiwo yakan yi sanyi a karon farko, a ba shi zagaye na biyu kafin a yanke masa hukuncin Sallah.

Kazar da ta yi cara

Kaza gidan ƙwai ɗaya take aiki da shi, na hagu. Na dama yana nan a kwance bai girma ba. In ƙari ko ciwo ya lalata na hagun, sinadarin mace ya ragu, sai na daman ya farka ya zama wani abu mai kama da maraina. Ƙwai ya tsaya, jan naman kanta ya girma ya yi jawur, in ta sake gashi sabon ya fito da tsini a wuya kamar na zakara, sannan cara. A gado har yanzu kaza ce, kuma kada a sa ran za ta ba da 'yan tsaki. Camfin abin ba namu kaɗai ba ne: a birnin Basel na Suwizalan, a 1474, an gurfanar da wani zakara bisa zargin ya yi ƙwai, aka ƙone shi.

Kafin a ɗauko wuƙa a yi awon yatsa, domin wata kazar tana cara ne kawai don babu zakara a gidan kuma ita ce babba, alhali tana kan yin ƙwai. A kama ta a laluba ƙasusuwa biyu masu tsini da ke gefen dubura. In yatsa biyu ko uku suka shiga tsakaninsu, duburar kuma da laushi da damshi, tana ƙwai, a ƙyale ta. In yatsa ɗaya ne da ƙyar, wurin a bushe, ta daina. In an yanka aka tarar da ƙari ya bazu a ciki ko ruwa ya cika cikin, a binne ta, kada a ci.

Gwanda, wadda ta fi kowa iri-iri

A gwanda mata-maza ba tawaya ba ce, ita ce ma ake nema. Itacen iri uku ne: namiji, mace, da mai haɗe da duka biyun a fure ɗaya. Ba a gane su daga ƙwaya. Maganar cewa baƙar ƙwaya mace ce fara kuma namiji, ko a duba saiwar dashe, duk ba ta da tushe. Sai fure ya fito, wata uku zuwa shida bayan dashe.

Namiji yana fitar da dogayen sanduna masu reto, ɗauke da ƙananan furanni da yawa sirara kamar bututu. Mace furenta babba ne, ɗaya ko 'yan kaɗan, manne da jikin itacen a hammatar ganye, mai faɗin gindi da tsinin kai, in ya buɗe ana ganin 'yar gwandar a ciki, ba garin fure. Na mata-maza shi ma kusa da jiki yake, amma dogo ne siriri, ganyen furen a haɗe suke daga ƙasa, in an tsaga za a ga 'yar gwanda doguwa da 'yan sanduna masu rawayan gari kewaye da ita. 'Ya'yan mace zagayayyu ne masu babban rami, na mata-maza dogaye masu kaurin nama, sun fi jure hanya zuwa kasuwa, kuma itacen ba ya buƙatar namiji a kusa.

Tun 1938 masana a Hawai da Afirka ta Kudu suka fitar da lissafin gadon. Ƙwayar mace da namiji ya yi wa barbara: rabi mata, rabi maza. Mace da garin mata-maza: rabi mata, rabi mata-maza, babu namiji. Mata-maza da ta yi wa kanta: biyu mata-maza, ɗaya mace, nan ma babu namiji. Abin da wannan ke nufi ga mai lambu a fadama shi ne ya ɗebi iri daga doguwar gwanda, ba zagayayya ba. Mai son tabbas ya rufe furen mata-maza da 'yar jakar takarda kafin ya buɗe, ya ɗaure bakin, ya cire bayan kamar mako guda, ya sa wa ɗan alama da zare. Wannan ɗan shi ne na iri.

Wajen dashe, a bar mita biyu zuwa biyu da rabi tsakanin ramuka, a sa dashe uku a kowane rami da 'yar tazara tsakaninsu. Da fure ya nuna, a zaɓi ɗaya a sare sauran daga gindi. Sarewa, ba tugewa ba, don kada a girgiza saiwar wanda aka bari. Da irin doguwar gwanda, rami 26 cikin 27 zai samu mata-maza aƙalla ɗaya. Da irin zagayayya, rami bakwai cikin takwas zai samu mace, kuma a nan dole a bar namiji ɗaya ga kowace mace goma zuwa goma sha biyar. Masu sare maza kaf don haushi su ne ke dawowa suna cewa furen na zubewa.

Mata-mazan gwanda tana da rauni ɗaya, yanayi na juya ta. A zafin Maris zuwa Mayu, in ga ƙishirwa, sai ta koma fitar da furen maza zalla, a ga wani tsawo a jikin itacen babu ɗa. Ba ta lalace ba. A ƙara ban-ruwa, a rufe gindin da ciyawa ko ɓawon gyaɗa, za ta dawo. A sanyin hunturu kuma, musamman in an cika mata takin yuriya da ruwa, sandunan garin sukan manne da ɗan, ya fito a murguɗe da tabo kamar fuskar kyanwa. A tsinke irin waɗannan tun suna ƙanana, kuma kada a ɗebi iri daga itacen da ya cika yin haka. Namiji ma wani lokaci yakan ba da 'yan 'ya'ya masu reto a kan dogon sanda, daga nan aka samo al'adar sare masa kai ko buga masa ƙusa. Wani sa'in a dace, galibi a'a, ba abin da za a gina lambu a kansa ba ne.

Dabino, kamar giginya da goruba, namiji daban mace daban, ba ya juyawa. Ƙwallo yana ba da rabi maza, kuma sai an yi shekaru ana ban-ruwa kafin a sani. Ɗan da aka cire daga gindin uwa kuwa jinsinta yake ɗauka, shi ya sa ya fi ƙwallo daraja. In kwanson furen mace ya tsage, cikin kwana biyu zuwa uku a ɗauko silin furen namiji uku zuwa biyar, a karkaɗa, a cusa su a kife a tsakiyar na macen, a ɗaure sako-sako. Da hannu, namiji ɗaya na isar mata kusan hamsin. Furen macen da bai samu gari ba yakan ba da ƙananan 'ya'ya marasa ƙwallo da ba sa nuna da kyau.

Ko a bangon gida akwai abin mamaki. A jikin ƙadangare aka fara gano cewa zafin ƙasar da ƙwai ke kwance a ciki na iya zaɓar jinsin ɗa, aikin wata masaniya Madeleine Charnier a Dakar a 1966, daga baya aka tarar haka kada yake. Dodon-koɗi da tana kowannensu namiji ne kuma mace. Kura kuwa, da aka daɗe ana cewa mata-maza ce, ba haka ba ne: gaban macen ne ya yi kama da na namiji, kuma ta nan take haihuwa.

In jariri ne

A nan ba maganar riba ake ba, maganar rai ce. Kusan haihuwa ɗaya cikin 4,500 zuwa 5,500 ake samun jaririn da ungozoma ba za ta iya cewa namiji ne ko mace ba. Batun halittar jiki ne, ba laifin uwa ba, ba kuma ɗaya yake da daudu ba, wanda batun ɗabi'a da salon rayuwa ne. Malaman fiƙihu sun san shi tun da daɗewa da sunan khunsa. A mazhabar Malikiyya ana duba mafitar fitsari, sannan alamun balaga, in abin ya ƙi warwaruwa a ba shi rabin gadon namiji da rabin na mace.

Abin dubawa bai tsaya ga wanda ya rikita ido ba. "Namiji" da ba a ji marainansa ko ɗaya a jaka ba, musamman in ƙofar fitsarinsa a ƙasa take. "Mace" mai babban ɗan-tsaka ko wadda leɓɓan gabanta suka haɗe. "Mace" da ake jin ƙullutu a matsematsinta: duk a kai su asibiti cikin kwana biyu zuwa uku, kada a jira suna. Daga asibitin ƙaramar hukuma a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti mai likitocin yara, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Za a yi hoton ciki a ga ko akwai mahaifa, a auna gishiri da sukarin jini, a auna sinadaran jiki, in da hali a yi gwajin ƙwayoyin gado.

Dalilin gaggawar shi ne, sanadin da ya fi yawa a jarirai mata ciwo ne na wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda. Maimakon sinadarin da ke riƙe gishiri da ƙarfin jiki, sai su yi ta fitar da na maza. Jaririn yakan yi kamar lafiya a makon farko, sannan tsakanin kwana 7 zuwa 21 ya fara amai, ya ƙi nono, ya rame, ya yi laushi, maɗigarsa ta faɗa. Wannan ba na jiƙo ba ne, ba na jira gari ya waye ba. In an gano da wuri, ƙwayoyi biyu ne, haidirokotison da fuludirokotison, da ɗan gishiri gwargwadon yadda likita ya auna, yaro ya girma, macen ma tana iya haihuwa. Maganin na har abada ne, ba a tsayar da shi don an ga sauƙi. In zazzaɓi ya zo ana ninka haidirokotison sau biyu ko uku bisa umarnin likita, in kuma amai ya hana shi zama, sai allura a asibiti nan take.

Wanzami kada ya taɓa wurin. Ba kaciya, domin fatar da za a yanke ita likita ke buƙata in za a gyara hanyar fitsari. Ba cire angurya, ba yankan gishiri, ba rage ɗan-tsaka: jini na iya ɓallewa, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Ko a asibiti, tiyatar da ba ta ceton rai ko buɗe hanyar fitsari ba ce ba a gaggawarta. Likitoci da yawa yanzu sun fi son a jira sakamako ya cika, wani aikin ma a bar shi sai yaron ya yi wayon da za a ji ta bakinsa, domin akwai waɗanda aka yanke wa hukunci suna jarirai suka girma jikinsu da zuciyarsu suka nuna akasin haka. Ƙasar Malta ta sa wannan jinkiri a doka tun 2015.

Ranar suna ita ce ke matsa wa iyaye. A shawarci liman a keɓe. Ana iya yanka rago a yi addu'a, a kira jaririn da laƙabi, a jinkirta rajistar haihuwa har sakamako ya fito. Ungozoma da kakanni su riƙe bakinsu, yaron a garin zai tashi.

Wasu ba a ganewa sai lokacin balaga: yarinyar da ta kai shekara 15 ko 16 ba ta ga al'ada ba, ko wadda muryarta ta buɗe gabanta ya fara girma, ko yaron da ke fitsarin jini wata-wata. Su ma asibiti, kuma kafin a sa ranar aure, ba bayanta ba.

Ciwon nan na saman ƙoda daga iyaye biyu ake gadonsa, don haka ya fi fitowa a auren zumunci, kuma in ya fito sau ɗaya, kowane ciki na gaba yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Jariri namiji mai shi gabansa daidai yake, ba abin da zai ja hankalin ungozoma, sai dai aman mako na biyu. Gidan da aka taɓa rasa jariri a irin wannan lokaci ba a san dalili ba, a faɗa wa ma'aikaciyar awo tun da cikin, a haihu a asibiti, a kuma nemi a auna gishirin jinin jaririn, namiji ne ko mace, a cikin makon farko sannan a maimaita a na biyu.